ƘUDAN BAKIN RUWA: YADDA AKE GANE SABON ƘWARO, A RAƊA MASA SUNA

Idan kana noman shinkafa a bakin kogin Isa, ko a fadama, ko a gefen tabki, wataƙila ka taɓa ganin wannan abu. Sati 2 ko 3 bayan dashe, sabon ganye ya buɗe, sai ga fararen tabo a gefensa, da ƴan huji kamar an soka allura. Ka duba sama da ƙasa, ba ka ga fara ba, ba ka ga tsutsa ba. Hankalinka ya tashi. Ranar kasuwa mai sayar da maganin ƙwari ya ce ka fesa kwalba kaza. Kuɗin da ka tanada don taki ya tafi ga guba.

Kafin ka kwance lalitarka akwai tambaya guda: wane ne ya yi ɓarnar? Likita ba ya ba da magani sai ya san cuta. Haka ma gona. A wannan karo za mu yi maka bayani bisa wani ɗan ƙuda da ke yin irin wannan tabo, da yadda masana suka gano cewa shi iri ne na daban, da yadda aka raɗa masa suna. A ƙarshe za ka ga abin da sunan yake tsinana maka, da irin taimakon da kai ma za ka iya bayarwa.

WANE NE ƘUDAN BAKIN RUWA?

Ka je bakin tabki da hantsi, ka tsuguna inda laka take da danshi. Ka kaɗa hannu. Za ka ga ƴan ƙananan ƙudaje sun tashi, sun sake sauka nan kusa. Launinsu toka-toka ne ko baƙi-baƙi. Ba sa cizo, ba sa bin tuwo ko nama kamar ƙudan gida. Waɗannan su muke kira ƙudan bakin ruwa.

Ba iri ɗaya ba ne. Dangi ne babba. Masana sun riga sun rubuta kusan iri 2000 a duniya, kuma har yanzu ana samun sababbi. Sunan dangin a bakin masana shi ne Ephydridae. An ba su wannan suna tun shekarar 1837.

Da ido kawai ba ka iya raba su da sauran ƙananan ƙudaje. Amma a ƙarƙashin madubin ƙara girma suna da shaidu kamar yadda kowace ƙabila take da nata tsage:

1. Fuskarsu takan turo gaba, da yawansu kuma bakinsu yana da faɗi.
2. A kan ɗan ƙahon da suke sansana abu da shi akwai gashi guda mai tsawo. A yawancinsu wannan gashi yana da rassa ta gefen sama kaɗai, kamar matajin kai.
3. Jijiyar da ta bi gaban fiffike ta yanke a wuri 2.

Wanda ya ga shaidun nan sun taru a jikin ƙuda ɗaya, ya san gidan da ya shigo.

DANGI ƊAYA, HALI DABAN-DABAN

Kada ka ce duk ƙudan bakin ruwa maƙiyinka ne. Yawancinsu gansakuka da ruɓaɓɓen ganye suke ci, ba ruwansu da shuka. Tsuntsaye da kifi da kwaɗi kuma su ci su.

A ƙasar Amurka, cikin jihar Kalifoniya, akwai wani tabki mai suna Mono. Ruwansa gishiri ne da kanwa, har kifi ba ya rayuwa a ciki. Amma wani ƙudan wannan dangi yana hayayyafa a can. Yakan shiga ƙarƙashin ruwa da ƙafa, iska ta lulluɓe shi kamar riga, ya ci abinci, ya yi ƙwai, ya fito a bushe. Mutanen asalin wurin sun kasance suna tara ƴaƴansa, su shanya, su ci, kamar yadda muke yi da fara.

A wannan jiha dai akwai wani wanda tsutsarsa take zaune cikin ɗanyen man fetur da ke tsattsafowa daga ƙasa. Tana cin ƙwarin da suka faɗa cikin man. An rubuta shi a 1899.

Akwai kuma mafarauci, sunansa Ochthera. Ƙafafunsa na gaba masu kauri ne, suna lanƙwashewa kamar na ƙoƙi-ƙoƙi. Da su yake cafke ƙananan ƙwari. A yammacin ƙasar Kenya masu bincike sun nuna, a 2007, cewa wani irinsa yana cin tsutsar sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Ka ga wannan abokinka ne, abokin ƴaƴanka ne. Wanda ya zuba guba a bakin ruwa ba tare da sani ba, har da shi zai kashe.

GIDAN DA KE TAƁA SHINKAFA

Cikin wannan babban dangi akwai wani gida da ake kira Hydrellia. An ba shi suna a 1830. Yana da iri fiye da 200. Girman ƙudan kamar ƙwayar riɗi, milimeta 2 zuwa 3. Idanunsa suna da ƴan gajerun gashi masu yawa. Tsutsar wannan gida ɗanyen ganye take ci, na ciyawar ruwa ko na shinkafa.

Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi bincikawa shi ne na ƙasashen Asiya. An rubuta shi a 1968 a ƙasar Filifin, aka sa masa suna Hydrellia philippina. Ga yadda rayuwarsa take:

Macen tana sauka a kan ganyen shinkafar da aka dasa ba da jimawa ba. Tana ajiye ƙwai ɗai-ɗai, farare, masu ɗan tsawo. Cikin kwana 2 zuwa 6 tsutsa ta ƙyanƙyashe. Sai ta gangara ta shige tsakiyar shuka, inda sabon ganye yake naɗe kamar tabarma. A nan take zama wajen kwana 10 zuwa 12 tana gaigayar gefen ganyen da bai buɗe ba. Daga nan ta shiga kwanso, ta kwanta kamar sati guda, sai ta fito ƙuda. Daga ƙwai zuwa ƙuda, wajen sati 4 ke nan.

Yanzu ka gane dalilin da ya sa ba ka ganin ɓarawon. Lokacin da ganye ya buɗe ka ga tabo, an riga an yi cin tun kwanaki, a ɓoye. Abin da kake gani sawun ɓarawo ne kawai.

Ƙudan yana son gonar da ruwa yake kwance a fili, yana walƙiya tsakanin gindin shinkafa. Idan shinkafa ta yi ƴaƴa, ganye ya rufe ruwa, sai ya daina zuwa. Shi ya sa ɓarnarsa ta tsaya ga kwana 30 zuwa 40 na farko bayan dashe.

NA AFRIKA YA SAMU NASA SUNA A 1977

A kudancin Najeriya ma an ga irin wannan tabo a ganyen shinkafa, an ga ɗan ƙuda mai kama da na Asiya. Da sauƙi a ce shi ne. Amma kama da wane ba ta wane.

Wani masanin ƙudaje ɗan ƙasar Ingila, J. C. Deeming, ya duba shi. Wannan mutum ya yi aiki a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, kusa da Zariya. Tun a 1971 ya rubuta bayani bisa ƙudajen da ke kashe zuciyar dawa da sauran hatsi a arewacin Najeriya. Da ya gwada ƙudan shinkafar da irin da aka riga aka sani, sai ya ga bai dace da ko ɗaya ba. A 1977 ya buga bayaninsa a wata mujallar masana ƙwari ta Ingila, ya raɗa masa suna Hydrellia prosternalis. Kalma ta biyu tana nuni ga wani sashe na gaban ƙirjin ƙuda, tsakanin ƙafafun gaba. Tun daga nan, da wannan suna masu binciken shinkafa na Afrika ta Yamma suke kiransa. Ɓarnar tsutsarsa a ganye ta yi kama da ta ɗan'uwansa na Asiya. Yana kuma zama a wasu ciyayin fadama.

YADDA AKE TABBATAR DA SABON IRI

Mutum ba ya tashi da safe ya ce ya gano sabon ƙwaro. Aiki ne mai matakai, kuma yakan ɗauki watanni ko shekaru. Ga su bi da bi.

Mataki na 1: kamawa. Ana kaɗa raga mai laushi a kan shinkafa, a tara ƙudajen. Ba guda ɗaya ake so ba. Ana son maza da mata da yawa, don a san bambancin da ke tsakanin ƴan gida ɗaya. Ko ƴaƴan uwa ɗaya, wani ya fi wani haske.

Mataki na 2: reno. Ƙudan da ka kama a kan ganye ba lalle shi ne mai laifi ba, wataƙila baƙo ne ya sauka hutawa. Saboda haka ana tsinko shukar da ke da tsutsa a ciki, a sa a kwalba, a rufe da yadi, a jira. Ƙudan da ya fito daga wannan tsutsa, shi ne aka kama da kaya a hannu.

Mataki na 3: dubawa. Ana sa ƙudan a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu sau 50 ko fiye. Ana ƙirga gashin kai da na baya, a lura da inda kowane ya tsiro. Ana ƙirga rassan gashin ƙaho. Ana duba launin fuska, ko na azurfa ne ko na zinariya. Ana duba launin ƙafafu. Ana auna jijiyoyin fiffike.

Mataki na 4: duba gaban namiji. Wannan ita ce babbar shaida. Iri biyu za su iya yin kama ta waje kamar tagwaye, amma ginin gaban namijinsu ya bambanta, kamar yadda kowane kwaɗo yake da nasa mabuɗi. Masani yakan yanke ƙarshen cikin ƙudan, ya jiƙa shi cikin wani ruwan magani har ya yi garau, ya zana abin da ya gani. Ka tuna, duk ƙudan bai wuce ƙwayar riɗi ba. Aiki ne na haƙuri.

Mataki na 5: gwadawa. Sai a ɗauko littattafan da aka rubuta bisa wannan gida tun daga farko, a gwada ɗaya bayan ɗaya. A rubuta wa manyan gidajen ajiyar ƙwari, irin na London da Paris da Washington, a aro waɗanda suke ajiye, a jera su kusa da sabon. Sau da yawa a nan magana take ƙarewa: sai a tarar wani ya riga ya rubuta shi tun da daɗewa.

Mataki na 6: rubutawa. Idan ya tabbata babu kamarsa, masani ya rubuta kamanninsa duka, da zane, da abin da ya raba shi da ƴan'uwansa na kusa, da inda aka kama shi, da ranar, da shukar da yake ci. Wasu masana su karanta su yi gyara, sannan a buga.

Mataki na 7: ajiye shaida. Cikin ƙudajen da aka duba, ana zaɓen guda ɗaya a ce shi ne mai riƙe da sunan. A liƙa masa takarda, galibi ja, a ajiye shi a gidan ajiya inda kowane masani zai iya zuwa ya gani. Ko bayan shekara 100, idan gardama ta tashi, gare shi za a koma. Kamar dutsen iyakar gona ne: kowa ya yi musu, a je a duba dutse.

A zamanin yanzu an ƙara wata hanya. Tun daga 2003, da wani masani na ƙasar Kanada, Paul Hebert, ya kawo shawarar, ana cire ƙafar ƙwaro guda, a karanta wani ɗan yanki na ƙwayoyin gadon da ke cikin jikinsa, a gwada da na sauran iri ta kwamfuta. Amfanin wannan hanya shi ne ko tsutsa ko ƙwai ana iya gane irinsu, ba sai an jira sun zama ƙuda ba. Amma ba ta kore aikin ido ba. Sai an fara sanin mai sunan kafin a san da wa za a gwada.

YADDA AKE JERA SUNA

Kai ma masani ne a gonarka. Kana raba gero da maiwa, kana raba kaura da farafara. Yaran ƙauye suna raba babe da farar ɗango da sauran fara iri-iri, kowace da sunanta. To amma sunan da ake kiran ƙwaro a Maraɗi ba lalle shi ne na Tawa ko na Damagaram ba, balle a bakin Zabarmawa ko Barebari. Don haka masanan duniya suka yarda da suna ɗaya da kowa zai gane.

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linne shi ya kafa tsarin. Daga littafinsa na 1758 ake fara ƙirga sunayen dabbobi da ƙwari. Kowane iri yana da suna biyu cikin harshen Latin: na farko sunan gida, na biyu sunan kansa. A bayansu akan rubuta sunan wanda ya raɗa da shekarar. Ga asalin ɗan ƙudanmu, daga babba zuwa ƙarami:

Al'umma: ƙwari, masu ƙafa 6.
Ƙabila: masu fiffike 2, su ne Diptera. Ƙudan gida da sauro da ƙudan tsando duk a nan suke.
Dangi: ƙudan bakin ruwa, Ephydridae.
Gida: Hydrellia.
Iri: Hydrellia prosternalis Deeming, 1977.

Akwai doka. Ba a ba gida biyu na dabbobi suna ɗaya. Idan kuma mutum biyu suka raɗa wa iri ɗaya suna ba da sanin juna ba, sunan da aka fara bugawa shi ne yake tsayawa.

ME SUNA YAKE TSINANA WA MANOMI?

Wataƙila ka ce: ni ina ruwana da Latin, shinkafata nake so. To saurari misalai 3.

Na farko, sauron shinkafa. Akwai wani ɗan ƙwaro mai kama da sauro wanda tsutsarsa take mai da zuciyar shinkafa ta zama bututu kamar ganyen albasa. An daɗe ana ɗauka cewa na Afrika da na Asiya iri ɗaya ne. Sai a 1982 masana biyu, Harris da Gagné, suka nuna cewa na Afrika daban yake, suka sa masa suna Orseolia oryzivora. Wannan ya warware wata matsala: irin shinkafa da yawa da ke jure wa na Asiya ba sa jure wa na Afrika. Da ba a raba su ba, da an yi ta kawo wa manoma irin da ba zai kare su ba. A 1988 wannan ƙwaro ya yi babbar ɓarna a kudu maso gabashin Najeriya, kuma sananne ne a gonakin shinkafa na Burkina Faso. Bayan haka, a 1999, aka rubuta wani ɗan'uwansa, Orseolia bonzii, wanda ke zaune a ciyawar tumbin jaki. Shi ba ya taɓa shinkafa. Amma ƴan ƙananan zanzaron da ke kashe shi, su ne kuma ke kashe na shinkafa. Ashe ciyawar da za a ce a ƙone, rumbun abokan manomi ce.

Na biyu, ƙwaron rogo. A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai kama da gari ya ɓulla a ƙasashen Kwango, ya bazu yana lalata rogo a Afrika. A 1977 wata masaniya ta Paris, Matile-Ferrero, ta rubuta shi a matsayin sabon iri. Da aka san kamanninsa sosai, aka bi sawunsa har aka same shi a ƙasar Paraguwai, a Amurka ta Kudu, a 1981. A can aka samo ɗan zanzaron da ke kashe shi. Cibiyar IITA ta Ibadan ta hayayyafa shi, aka sake shi a ƙasashe da dama, ɓarnar ta ragu ƙwarai, ba da feshi ba.

Na uku, cikin gidan Hydrellia kansa. Wani iri da aka rubuta a ƙasar Peru a 1982, Hydrellia wirthi, an same shi yana ɓarna a gonakin shinkafa na Luwiziyana, a Amurka, a 2004. Saboda yana da suna da bayani a rubuce, aka gane cewa baƙo ne ya shigo. Wani kuma, Hydrellia pakistanae, da aka rubuta a 1978, da gangan aka kai shi Amurka aka sake a 1987, don ya ci wata ciyawar ruwa da ke toshe magudanai. Gida ɗaya ne, wannan ɓarawo, wancan ma'aikaci. Suna ne kaɗai ya raba su.

KADA KA RIKITA ƘUDAJEN SHINKAFA GUDA 3

1. Ƙudan bakin ruwa. Ƙarami ne, toka-toka. Shaidarsa fararen tabo da huji a gefen sabon ganye. Wani lokaci ganyen ya karye idan iska ta kaɗa. Zuciyar shuka tana nan da rai.

2. Ƙuda mai ƙaho. Ya fi girma, cikinsa ja-ja, idanunsa suna can a ƙarshen dogayen sanduna 2 kamar ƙahon sa. Masana suna kiransa Diopsis. Tsutsarsa tana huda kara, zuciyar shuka ta yi ɗorawa ta bushe. Ka ja ta, sai ta zare da sauƙi.

3. Sauron shinkafa. Shaidarsa farin bututu kamar ganyen albasa. Karan da ya yi haka ba zai fid da kai ba.

Ukun nan duk masu fiffike 2 ne, amma danginsu daban, ɓarnarsu daban, abin da za a yi musu ma daban.

ABIN DA ZA KA YI A GONARKA

Ga albishir. A cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke ƙasar Filifin, an yi gwaji bisa ƙudan bakin ruwa na Asiya. An tarar cewa ko da ganye da yawa sun yi tabo, galibi amfanin gona ba ya raguwa. Shinkafa mai lafiya tana fid da sababbin ganye, ta mai da abin da ta rasa. Abin da akan gani shi ne nuna ta ɗan yi jinkiri, kamar sati guda zuwa kwana 10. Tabon ya fi tsoratarwa a ido fiye da a ma'auni.

Feshin gaggawa a farkon dashe kuwa yana da nasa haɗari. Yana kashe gizo-gizo da ƴan zanzaro da sauran masu gadin gona. Yana kashe kifi da kwaɗi. Yana shiga ruwan da dabbobi ke sha, yana taɓa jikin mai feshi. A ƙasar Indonesiya yawan feshi ya kashe abokan manomi har wani ƙwaro mai tsotson shinkafa ya yi yawa fiye da da. A 1986 gwamnatin ƙasar ta hana amfani da magunguna 57 a gonar shinkafa.

Saboda haka, idan ka ga tabon:

1. Ka tsinko gindi 10 daga wurare daban-daban na gona. Ka buɗe tsakiyar shuka a hankali. Idan ka ga ƴar tsutsa fara-fara marar ƙafa, kuma zuciya ba ta mutu ba, alamar ƙudan bakin ruwa ce.
2. Inda kana da ikon ruwa, ka janye shi daga fangali kwana 3 ko 4, sannan ka mayar. Ka maimaita cikin watan farko. Ƙudan ba ya son gonar da ba ruwa kwance. Amma ka tuna haki yana son busasshen fangali, sai ka yi shirin cira.
3. Ka dasa da tazarar da malamin gona ya nuna, santimeta 20 tsakanin gindi da gindi. Kada ka bar manyan gurabe da ruwa zai yi ta walƙiya.
4. Ka zuba taki a kan lokaci, don shuka ta yi ƴaƴa da wuri ta rufe ruwa.
5. Ku yi dashe lokaci guda kai da maƙwabtanka. Wanda ya yi jinkiri, gonarsa ce za ta zama masaukin ƙudajen kowa.
6. Kada ka sayi magani sai malamin gona ko ma'aikacin kare shuke-shuke ya zo ya gani da idonsa.

YADDA ZA KA AIKA DA ƘWARO A DUBA

Masu bincike na INRAN, a Kollo ko a Tarna ta Maraɗi, ba za su iya tsayawa a kowane fangali ba. Kai ne kake gona safe da yamma. Kuma yanzu ka iya rubutu. Sabon ƙwaro ba ya zuwa hannun masani sai wani ya kama shi ya rubuta inda ya same shi. Ga yadda za ka yi:

1. Ka samu ƙaramar kwalba mai murfi, ka wanke ta, ta bushe.
2. Ka zuba alkol na kantin magani, mai lamba 70, har rabi.
3. Ka sa ƙudaje 10 ko fiye a ciki. Kada ka murje su da yatsa, don gashin jikinsu shi ne shaidarsu. Ka kife jakar leda a kan shuka da sanyin safiya, su shiga da kansu.
4. A wata kwalba mai faɗin baki ka sa gindin shinkafa mai tsutsa, da ɗan ruwa a ƙasa. Ka ɗaure bakin da yadi mai laushi, ka ajiye a inuwa. Ƙudan da ya fito, ka sa shi a kwalbar alkol ta daban, ka rubuta cewa daga cikin shuka ya fito.
5. Ka yanki ƴar takarda, ka rubuta da fensir: sunan gari, ranar da ka kama, irin shinkafar, ranar dashe, da irin ɓarnar da ka gani. Kada ka rubuta da bik, alkol yana wanke tawada. Ka jefa takardar cikin kwalbar.
6. Ka shanya ganye 3 ko 4 masu tabo a tsakanin takardu, ka haɗa. Idan akwai mai waya mai ɗaukar hoto, a ɗauki hoton gonar da na ganyen.
7. Ka ba malamin gona ko shugaban koperatif ɗinku, ya kai ma'aikatar kare shuke-shuke ta jiharku.

Ka riƙe wannan da kyau: kwalbar da ba takarda a cikinta ba ta da amfani ga masani, ko da ƙwaron da ke ciki ba a taɓa ganin irinsa ba. Takardar ita ce rabin aikin. Ka kuma buɗe shafi a littafinka, ka riƙa rubuta watan da tabon ya fara kowace shekara, a noman damana da na rani, da buhu nawa ka samu. Bayan shekara 3 kai da kanka za ka san ko ƙudan yana rage maka amfani ko ba ya ragewa.

TAMBAYOYI DON TARON SAURARO

Idan kun taru sauraron shirin manoma, ku tattauna waɗannan, magatakarda ya rubuta amsoshinku ya aiko mana:

1. A garinku, wane suna kuke kiran ƙananan ƙudajen bakin tabki? Wane suna kuke ba ƙuda mai ƙaho?
2. Cikin shaidu 3 da muka faɗa, wacce kuka fi gani a gonakinku, kuma a wane wata?
3. Wa ya taɓa barin fangali mai tabo bai fesa ba? Buhu nawa ya samu, maƙwabcinsa da ya fesa kuma nawa?

Muna jiran wasiƙunku da kwalabenku. Sai fitowa ta gaba, mu kwana lafiya.